Shirun Jar Wuta

Shekara talatin da ɗaya ina jan tasi a Porto,
inji bai taɓa mutuwa a hannuna ba
sai in ni na murɗa makulli.
Haka mahaifina Belmiro ya hore ni:
motar da ta yi shiru a tsakiyar titi
ta kwance wa direbanta zani a kasuwa.

Sai ga sabuwa, fara ƙal, da bashin banki a wuyanta.
Ranar farko, a gangaren da ke sauka kogin Douro,
danja ta yi ja, na taka burki,
ta ɗauke numfashi. Tsit.
Gabana ya yanke ya faɗi.
Na laluba makulli, babu makulli.
Na ɗaga ƙafa zan fita in tura,
sai ta farka, kamar ba ita ba,
tsohuwar da na ɗauko tana dariya har da hawaye.

Telmo, yaron da ya sayar mini, ya ce:
"Ba mutuwa take yi ba, Amândio, hutawa ce.
Don me za ta sha mai alhali ba tafiya take ba?
Batirinta ya fi na da ƙashi,
an ƙera ta don ta tashi sau dubbai."
Na ce masa: yaro, ba ka taɓa tura mota a ruwan Disamba ba.

Akwai wani ɗan maɓalli da ke hana ta wannan ɗabi'a.
Wata uku ina danna shi kowace safiya
kafin ma in gyara madubi.

Wata Talata na manta.

Kusa da kasuwar Bolhão ta yi shirunta,
ni kuma gajiya ta hana ni faɗa.
Sai na ji yayyafi yana taka rufin mota da ƙananan ƙafafu.
Na ji tsuntsayen teku suna rigima kan kan kifi.
Wata mai sayar da furanni tana zagin mijinta a waya.
Ƙararrawar coci, wadda na ɗauka ta daina bugawa tun ina saurayi.
Fasinjana, wani mai faskaren kaya a tashar jirgin ruwa,
ya yi barci, yana minshari a hankali.
Daƙiƙa arba'in.
Ashe garin nan yana magana,
ni ne nake rufe masa baki da salansa.

Graça ce ke riƙe da littafin gidan mai.
Ƙarshen wata ta sa tabarau, ta lashi fensir,
ta ce: "Ba arziki ba ne.
Kuɗin burodi ne da busasshen kifi na Lahadi biyu."
Amma ta ja layi a ƙarƙashinsa.

Ba na ce ba ta da halinta ba.
Safiyar sanyi takan ƙi yin shiru, sai ta ji ɗumi.
A watan Agusta, in ta huta, iskar ciki ta yi laushi,
ta tashi da kanta kafin a ba mu hannu.
A cunkoson gada kuwa, mutu-tashi, mutu-tashi,
har in rasa wa ke tuƙa wani.

Jiya da dare na kasa barci, na yi lissafi:
in awa ɗaya nake tsayuwa a danja kowace rana,
to shekara guda cur ke nan
na zauna wuri ɗaya ina ƙona mai,
ina busa hayaƙi a fuskar masu tsallaka titi,
ban je ko'ina ba.

Yanzu in ta yi shiru, nakan saki sitiyari,
in ɗora hannuwa a cinya,
in bar kafaɗuna su sauka.
Mahaifina, ka yafe mini.
Ga kore ta kawo.